Dam na nan, mai wuri ne zai canza: halin da masu kwalekwalen iska ke ciki a Birtaniya

Duk mai bin labaran Birtaniya a 'yan shekarun nan ya ji sunan Thames Water. Shi ne kamfanin da ke ba birnin Landan da kewayensa ruwan famfo, yana kuma kwashe musu ruwan ƙazanta. Mutum wajen miliyan 16 ne ke ƙarƙashinsa. Bashi ya yi masa katutu, ana maganar fam biliyan 20, kuma ko ba daɗe ko ba jima zai koma hannun wasu. Jaridun can kullum zancensu kuɗin ruwa da ke ƙaruwa da ƙazantar da ake malalawa cikin koguna. Amma akwai wasu ƙananan 'yan haya da ba a cika ambatonsu ba, kuma su ne suka ja hankalina: kulob-kulob na masu wasan kwalekwalen iska da ke zaune a bakin dam-dam ɗin kamfanin.

Bari in fara da bayanin wasan, tunda ba namu ba ne. Kwalekwale ne ƙarami, babu inji, ba a kuma tuƙa shi da hannu irin na masunta. Doguwar sanda ce a tsakiya an ɗaura mata babban ƙyalle, iska ta bugi ƙyallen, ƙyallen ya ja kwalekwalen. Gwanintar ita ce ka san yadda za ka juya ƙyallen har ka je inda kake so ko da iskar ba can ta nufa ba. Mutanen Legas sun san abin, don akwai Lagos Yacht Club tun 1932, kuma a ƙarshen mako ana hango fararen ƙyallayensu a kan ruwa. Sai dai a nan wasan masu hannu da shuni ne da baƙi Turawa. A can ba haka yake sosai ba. Malamin makaranta da ɗan fansho da makanike suna biyan kuɗin shekara su shiga kulob, su kawo 'ya'yansu su koya, kuma yawancin aikin kulob ɗin su da kansu suke yi kyauta. Daga irin waɗannan wurare ake samun masu zuwa gasar Olamfik.

Wanda ke zaune nesa da teku, ina zai samu ruwa mai faɗi? Sai ma'ajiyar ruwan sha. Shi ya sa za ka ga kulob a tafkin Queen Mary da ke yammacin Landan, wanda aka buɗe a 1925 kuma faɗinsa ya kai eka 700. Wani a tafkin Queen Mother kusa da Datchet. Wani a King George V a arewacin birnin. Wani kuma a Farmoor kusa da Oxford. Duk na Thames Water ne. Kulob ɗin na iya gina ofishinsa, ya yi gangaren sauke kwalekwale, ya sayi jiragen ceto, ya shekara hamsin a wurin, amma ko cokali ɗaya na ruwan ba nasa ba ne, haka ƙasar da ya yi ginin a kai.

Yadda kamfanin ya shiga wannan hali ba wani dogon labari ba ne. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da hukumomin ruwa na Ingila da Wales ga 'yan kasuwa, bayan ta sauke musu bashin da ke kansu. Thames ya shiga hannun kamfanin RWE na Jamus, daga nan a 2006 wasu masu zuba jari ƙarƙashin Macquarie na Ostireliya suka saye shi. Lokacin da Macquarie ya fita a 2017 bashin ya haura fam biliyan 10. Waɗanda suka gaje shi, cikinsu har da asusun fansho na Kanada da na malaman jami'o'in Birtaniya, sun ƙi zuba fam miliyan 500 da aka sa ran za su zuba a watan Maris na 2024. A Fabrairun 2025 sai da kotu ta amince aka ranto wani fam biliyan 3 don kada aiki ya tsaya. A Mayu hukumar Ofwat mai sa ido kan kamfanonin ruwa ta ci shi tarar kusan fam miliyan 123. A Yuni kamfanin KKR na Amurka, wanda aka zaɓa ya saya, ya janye. Sai ya rage hanya biyu: ko masu bin bashi su karɓe kamfanin a madadin wani ɓangare na kuɗinsu, ko gwamnati ta je kotu a naɗa masu riƙon ƙwarya har a samu mai saye.

To a nan akwai abin da ya kamata a rarrabe, don mutane na haɗa su wuri guda. Canjin mai wuri iri biyu ne. Na farko, masu kamfani su canza amma kamfanin na nan da sunansa. Jamusawa sun zo sun tafi, 'yan Ostireliya sun zo sun tafi, amma sunan da ke kan takardar hayar kulob ɗin bai motsa ba. A ido babu abin da ya faru. Sai dai wanda zai yanke kuɗin haya idan wa'adi ya cika ba shi ne na jiya ba, kuma wanda ya shigo don ya fanshe bashinsa ba zai dubi ɗan haya da idon da injiniyan da ya shekara talatin yana gaisawa da shi zai dube shi ba. Na biyu kuwa, a cire wurin kansa a sayar wa wani daban. Wannan shi ne mai zafin, kuma ba sai an yi hasashe ba, don ya taɓa faruwa a Cardiff, babban birnin Wales.

A arewacin Cardiff akwai tafkuna biyu manne da juna, Llanishen da Lisvane. An gama Llanishen a 1886 don ba birnin ruwan sha. Daga baya aka daina shan ruwansa, ya zama wurin kamun kifi da yawon shan iska da koyon tuƙin kwalekwale, a wata cibiya da hukumar birnin ke gudanarwa. A nan wata yarinya 'yar shekara takwas mai suna Hannah Mills ta fara koyo. Ita ce daga baya ta ci azurfa a Olamfik na Landan a 2012, ta ci zinare a Rio a 2016, ta sake cin zinare a Tokyo.

Matsalar ba daga bakin tafkin ta taso ba, daga ofisoshin manya ta gangaro. Kamfanin ruwa na Wales, bayan an sayar da shi a 1989, ya buɗe ciki ya sayi kamfanin wutar lantarki na kudancin Wales a 1996, ya canza suna zuwa Hyder. Sai gwamnatin Labour ta ɗora wa irin waɗannan kamfanoni harajin ribar da ta ce ta wuce kima a 1997, Ofwat kuma ta rage musu kuɗin ruwa a 1999. Hyder ya durƙushe. A 2000 wani kamfanin rarraba wuta mallakar Amurkawa, Western Power Distribution, ya saye shi. Shi wuta ya zo nema, ba ruwa ba, don haka a 2001 ya sallama ɓangaren ruwan ga Glas Cymru, wani kamfani da ba shi da masu hannun jari masu jiran riba. Amma tafkunan nan biyu ba su bi ɓangaren ruwan ba. Sun zauna a hannun kamfanin wuta.

Ka tsaya ka dubi abin da kyau. Kamfanin wuta ya wayi gari da fili kusan eka 60 cike da ruwan da ba ya sayarwa, a tsakiyar ɗaya daga cikin unguwannin da gida ke tsada a Cardiff. Ko kai ne me za ka gani? Ba kwalekwale za ka gani ba, fulotai za ka gani. Haka kuwa aka yi. Kamfanin ya nemi izinin gina gidaje kimanin 300, a bar ɗan ƙaramin tafki a tsakiya.

Mutanen unguwa suka kafa ƙungiya mai suna Reservoir Action Group, aka shiga ja-in-ja na shekara da shekaru, daga zaman sauraron bahasi zuwa kotu, daga kotu a dawo wani zaman. Abin da ya ba ni mamaki shi ne makaman da suka yi aiki. Ba hakkin masu kwalekwale ba ne ya tsayar da ginin. An gano cewa a kan gangaren tafkin akwai wasu irin laimar kwaɗi masu wuyar samu, sai hukuma ta sa wurin cikin wuraren da doka ta kare saboda halittun da ke ciki. Laimar kwaɗi fa, wadda mu muke takewa mu wuce. Sannan a 2009 hukumar kula da kayan tarihi ta Wales, Cadw, ta sa ginin tafkin kansa cikin gine-ginen tarihi, ba a taɓa shi sai da izini na musamman.

Duk da haka a 2010 kamfanin ya zuƙe ruwan. Ya ce injiniya ne ya ba da shawarar a duba bututun da ke ƙarƙashi, kuma ba a dubawa sai an janye ruwa. Mutanen unguwa suka ce dabara ce kawai. Ko ma wanne ne, doka ta hana a rushe kwanon, amma ba ta ce dole kwanon ya zauna da ruwa a ciki ba. Cibiyar koyon kwalekwale ta kwashe kayanta ta koma bakin teku a Cardiff Bay. A 2013 gwamnatin Wales ta ƙi amincewa da ginin gidajen, kamfanin ya haƙura ya sayar da wurin ga Celsa, kamfanin ƙarfe na Sifaniya da ke da masana'anta a Cardiff a wancan lokaci, wanda shi ruwan Lisvane yake buƙata don aikinsa. A 2016 kamfanin ruwa na Wales ya karɓi hayar tafkunan daga Celsa na shekara 999. Aka gyara, aka bar ruwan sama ya cika shi sannu a hankali, aka sake buɗewa a Yulin 2023.

Ana ba da wannan labari a matsayin nasara, kuma nasara ce. Amma ka ƙirga: daga 2010 zuwa 2023 shekara 13 ke nan babu kwalekwale a kan wannan ruwa. Yaron unguwar da yake da shekara takwas lokacin da aka zuƙe shi ya kai 21 kafin ya dawo. Kuma da ya dawo, mai wurin ne da kansa yake gudanar da wasannin ruwan. Tafki ya tsira, amma zaman da aka saba yi a bakinsa ba shi ne ya dawo ba.

Yanzu bari mu zo kan takarda, don a nan ake raba mai dariya da mai kuka. A dokar Ingila akwai bambanci tsakanin haya da izini. Haya tana manne da ƙasar: idan mai wuri ya sayar, mai saye ya saya da ɗan hayan a ciki har wa'adinsa ya cika, musamman idan an yi rajistarta, kuma duk hayar da ta wuce shekara bakwai dole ne a yi mata rajista a ofishin filaye. Izini kuwa alkawari ne tsakaninka da mutumin da ya ba ka. Ya tafi, alkawarin ya bi shi. Abin da ke rikita kulob-kulob ɗin nan shi ne sau da yawa takardunsu biyu ne: hayar ɗan filin da ofis da kwalekwale ke kai, da kuma izinin shiga ruwan. Sai ka ga kulob yana da ƙwaƙƙwarar haya a tudu, amma ruwan da ya kawo shi wurin aro ne. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ina amfanin ofishin kwalekwale a bakin ruwan da aka hana ka shiga?

Akwai wata doka ta 1954 kan masu gida da 'yan haya da ke ba ɗan hayan wurin sana'a damar sabunta hayarsa idan ta ƙare, kuma kulob yana shiga cikinta ko da ba riba yake nema ba. Mai wuri ba zai ƙi sabuntawa ba sai da ɗaya daga cikin dalilan da doka ta lissafa, kamar rashin biyan haya, ko zai rushe ya sake gini, ko shi da kansa zai yi amfani da wurin. Akwai ma wani ɗan sharaɗi da ya burge ni: wanda ya sayi wuri bai kai shekara biyar ba, ba zai kori ɗan haya da hujjar cewa shi zai shiga ba. Wato masu dokar sun hango mai saye da zai zo musamman don ya tayar da mutane. Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe. Mai wuri na iya cewa tun farko ba zai ba da haya ba sai ɗan haya ya sa hannu ya yafe wannan kariya, kuma manyan masu filaye sun saba yin haka. Kulob ɗin da ba shi da wani ruwa a kusa, yaya zai yi? Sai ya sa hannu.

Kariya ta biyu tana cikin dokar kamfanonin ruwa ta 1991, wadda ta ɗora wa kamfanin ruwa nauyin ya bar jama'a su amfana da ruwansa da filayensa wajen shaƙatawa gwargwadon yadda zai yiwu. Lafazin sako-sako ne, bai ce a bar wane kulob ba, bai kuma faɗi nawa za a biya ba. Amma yana nan, kuma yana kan kamfanin ruwa ne kawai. Ranar da tafki ya fita daga hannun kamfanin ruwa ya koma na mai wuta ko mai gina gidaje, wannan nauyi bai bi shi ba. Abin da ya samu Llanishen ke nan.

Ko mai wuri mai kirki ne ma, ruwa ba ya da tabbas. Dokar dam-dam ta 1975 ta ce dole injiniya mai zaman kansa ya duba babban dam aƙalla sau ɗaya a shekara goma, kuma in ya ce a rage ruwa babu mai musu. A Agustan 2019 wani ɓangare na dam ɗin Toddbrook ya fashe bayan ruwan sama mai yawa, aka kwashe mutum kimanin 1,500 daga garin Whaley Bridge. Aka janye ruwan, kulob ɗin da ke wurin ya yi shekaru yana kallon taɓo. Shi ma wannan dam ɗin ya taɓa canza mai shi, don a 2012 ya tashi daga hukumar gwamnati ya koma hannun wata gidauniya, Canal and River Trust.

Wani zai ce, mu da ke fama da kuɗin mota da na shago, ina ruwanmu da Bature da kwalekwalensa? Gaskiya ne ba ɗaya ba ne. Shi wasansa ne zai tsaya, mu abincinmu ne. Amma mu da muka tashi a kara mun san wannan zama sarai. Kusan duk inda Bahaushe yake kasuwa a Kudu, a kan ƙasar wani yake: ta gwamnati, ta ƙaramar hukuma, ta wani dangi, ta wani basarake. Mu muke cike fadama da ƙasa, mu kafa rumfa, mu haƙa rijiya, mu gina masallaci, wuri ya yi daraja, sannan a tuna cewa yana da mai shi.

Kuma namu mai wurin ya fi na Thames saurin canzawa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon soke mallaka idan ya ce maslahar jama'a ce. Gwamna kuwa shekara huɗu ne ko takwas. Sarki goma zamani goma. A Lokpanta ta jihar Abia, a zamanin Orji Uzor Kalu aka zaunar da 'yan kasuwar shanu. Da Alex Otti ya zo a 2023 sai ya ce matsalar tsaro ta yi yawa a yankin, za a katange kasuwar, a yi ciniki da rana a tashi, babu sauran kwana a ciki. Filin bai motsa ba, wanda ke kan kujera ne ya canza. A Alaba Rago ta Legas an ba da wa'adin kwana 14 a Mayun 2022, aka yi ta kai-komo, ƙarshe dai a 2025 katafila ta shiga. Ba ina cewa gwamnatocin nan ba su da hujja ko kaɗan ba, maganar tsaro da tsafta magana ce, kuma mu ma mun san abin da ke faruwa a wasu lungunan kasuwanninmu. Abin da nake nunawa shi ne idan ranar ta zo, tambayar farko ita ce ina takarda, kuma da sunan wa.

A nan ne muke da rauni. Yarjejeniyar da yawa daga cikin wurarenmu ta baka ce, tsakanin wani dattijo namu da wani dattijo nasu, dukansu sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yan mai ƙasa sun taso, ba su san alkawarin ba, ko sun sani amma wani mai gina rukunin gidaje ya zo musu da kuɗin da kara ba za ta taɓa biya ba. Inda akwai takarda ma, sai ka tarar da sunan mutum ɗaya take, shugaban kasuwa na wancan lokaci, ta zama cikin kayan gado. Rasit ɗin tikitin da ƙaramar hukuma ke yanka mana kullum kuwa shaida ce ta cewa mun biya kuɗin ranar, ba shaida ce ta haya ba. Wato irin izinin nan ne na shiga ruwa. Ita dokar 1978 idan an soke mallaka diyyar gini da abin da aka kashe a wurin take magana a kai, ba kuɗin ƙasar ba, kuma wanda ba ya cikin takarda wahala yake sha kafin a saurare shi. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai hayar shekara notis na wata shida in ba a rubuta wani abu daban ba, mai hayar wata kuma wata ɗaya, amma an cire wasu unguwanni daga cikinta, har da Apapa inda namu suke da yawa.

Abin da kulob-kulob ɗin can suka fi mu shi ne suna da rajista da sunan ƙungiya, suna da wakilan da ke riƙe takarda a madadin kowa, suna kuma da uwar ƙungiya ta ƙasa, Royal Yachting Association, mai ba su shawarar lauya. Mu ma hukumar rajistar kamfanoni tana yi wa ƙungiyoyi irin wannan rajista ta amintattu, kuma ba ta fi ƙarfin kuɗin da ake tarawa a kara cikin mako ɗaya ba. Wani abin kuma da ya fi tsaya min a rai: a Llanishen ba masu kwalekwale kaɗai suka yi faɗan ba. Masu yawo da karnuka, masu kallon tsuntsaye, masu kamun kifi, da masu gidajen da ke kewaye, duk sun ga wurin nasu ne. Da kulob ne shi kaɗai, da tuni an yi gidajen. Mu tambayi kanmu, ranar da aka ce za a tashi kasuwarmu, mutum nawa ne cikin 'yan garin da ke zagaye da mu za su fito su ce a'a? Mahauta Yarabawa da masu sayar da abinci da direbobi da masu gidajen haya duk suna ci daga kara, amma sau nawa muke zama da su kafin wuta ta kama?

Mu koma Landan. A ganina tafkunan Thames ba za su bi hanyar Llanishen ba, saboda dalili ɗaya: ana shan ruwansu. Landan ba ta da rarar ruwa, kamfanin ma wani sabon babban tafki yake neman ginawa kusa da Abingdon. Ko masu bin bashi ne suka karɓa, ko masu riƙon ƙwarya suka sayar, ko aka raba kamfanin gida biyu, wanda zai riƙe Queen Mary kamfanin ruwa ne, kuma nauyin dokar 1991 na kansa. Babu mai zuƙe shi ya yanka fulotai. Kulob mai doguwar haya mai rajista zai iya barci.

Wanda ba zai yi barci ba shi ne wanda wa'adinsa ya kusa. Kamfanin da bai san ko gobe na waye ba, ba ya sa hannu a hayar shekara 25. Sai dai ya ce a ƙara shekara ɗaya ko biyu tukuna a ga yadda za ta kaya. Wannan kaɗai ya isa ya kassara kulob, don masu ba da tallafin wasanni da bankuna sukan tambayi shekara nawa suka rage a haya kafin su ba da kuɗin gyaran gini. Babu mai zuba kuɗi a rufin da ba a san wa zai kwana a ƙarƙashinsa baɗi ba. Gini ya lalace, mambobi su ragu, kuɗin shiga ya ragu, sai sabon mai wuri ya zo ya tarar da kulob mai rauni a daidai lokacin da za a zauna cinikin sabuwar haya. Ba a kori kowa ba, amma an kai inda ake so.

Sannan saman ruwan kansa yanzu yana da wani mai nema. Tun 2016 aka shimfiɗa faranten sola sama da 23,000 suna yawo a kan tafkin Queen Elizabeth II da ke Walton-on-Thames, shi ma na Thames Water, suna ba injinan tace ruwa wuta. Kamfanin ruwa na cikin masu shan wuta da yawa, don turo ruwa daga kogi zuwa tafki zuwa gidaje ba ƙaramin aiki ba ne. Sabon mai kamfani da ke neman inda zai rage kashe kuɗi zai ɗora kuɗin hayar kulob a gefe ɗaya, ya ɗora kuɗin wutar da eka ɗari na faranti za su ba shi a ɗaya gefen. Ba sai ya tashi kowa ba, ya isa ya ce daga wannan layi zuwa can na sola ne. Ko kulob zai iya cewa a'a, ya danganta da ko takardarsa ta ambaci faɗin ruwan da aka ba shi, ko kuwa cewa kawai ta yi an yarda ya shiga ruwa.